Taswirar Sallau

Da can in aka kunna wasan nan a gabana
sai in taɓe baki.
Bindiga a gindin allo, hannu ɗaya, babu fuska,
bango kamar an zana shi da gawayi,
dodanni kamar an sassaƙo su da dakusasshen gatari.
In ce, wannan ai shirme ne,
harbi, gudu, harbi,
wanda ya rasa aikin yi ya samu.

Yayana Sallau ne gwaninsa.
Gadi yake yi a wani ofis a Ikeja.
In ma'aikata sun watse, janareta bai mutu ba,
sai ya zauna gaban kwamfutar akawu
har ladan ya yi kiran farko.
Ni lokacin ina koyon gyaran waya a Otigba,
ina ganin na fi shi buɗewar ido.
Na taɓa ce masa, a teburin mai shayi a Agege,
"Kai da ko kaza ba ka iya yankawa,
me ya haɗa ka da bindiga?"
Ya yi dariya,
ya turo mini ragowar burodinsa.

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwarsa.
Bara ruwa ya shigo mana ɗaki,
muna kwashe kaya jakarsa ta yage,
sai ga littafin lissafi irin na 'yan makaranta, mai gida-gida,
shafi arba'in, duk zane.
Lungu. Ƙofa. Matakala.
"Jan makulli yana nan."
"Kar ka buɗe wannan sai da harsashi."
"Bangon nan ƙarya ne, tura shi."
A bayan bangon littafin, da biron dai,
hanyar Agege zuwa Oshodi, Oshodi zuwa Obalende,
inda ake sauka, inda ake dafe aljihu,
da sunana a sama.
Makon da zan zo Legas ya zana mini,
ni kuwa na ce mai baki ba ya ɓata.

Na jawo wata tsohuwar kwamfuta daga ƙarƙashin teburin shago,
kwana uku ina lallashinta kafin ta tashi.
'Yata Kuluwa ta riƙe littafin, ni na riƙe madannai.
"Baba, hagu. Hagu fa na ce!"
Sau tara na mutu kafin ƙofar farko.

Ashe ba harbin ba ne.
Harbin kamar hon ɗin danfo yake, yana nan, kunne ya saba.
Abin shi ne an jefa ka wurin da ba ka san kowa ba,
babu kibiya mai walƙiya irin ta wasannin yanzu,
babu mai cewa bi nan,
daga kai sai kunnenka.
Ka taɓa wani abu a nan,
ka ji ƙofa ta buɗe can nesa,
ka koma da baya kana ƙirga lunguna.
Mutumin da ya sauka a tasha da jaka ɗaya
ya san wannan wasan tun kafin ya gan shi.

Har yanzu dodannin munana ne,
kuma in na daɗe kaina juyawa yake.
Amma daren jiya mun kai shafi na arba'in,
inda zanen ya tsaya a tsakiyar wani dogon zaure,
layi ɗaya ya tafi, bai iso ko'ina ba.
Na cire hannu daga madannai.

Kuluwa ta dube ni, ta dubi takardar,
ta ciro fensir daga cikin kitsonta.
"Taka a hankali, Baba," ta ce,
"ina zanawa."