Ranar Litinin Ba Tasa Ba Ce

Shagona kamu shida ne a Obalende,
tsakanin mai tsire da mai facin taya.
Rediyo nake gyarawa, da garmaho,
har shekarun nan na bayan yaƙi
da samari suka tara suma
suka rataya jita a wuya kamar laya.

Ƙungiya biyu ke kawo mini kaya:
Tartsatsi, yaran Cindo na Idi-Araba,
da Gishirin Teku, mutanen Fasasi.
Ba sa ga-maciji, sai na raba musu rana,
Cindo Litinin, Fasasi Laraba.
Amma benci ɗaya suke zama,
ƙusa ɗaya ke yaga musu wando.

Wata Litinin Cindo ya kawo lasifika lafiya lau,
ya ce in ara masa reza.
Ina kallo ya tsaga fatarta sau uku.
Da ya taɓa tsirkiya, ƙara ta fito da kaushi
kamar tsohuwar bas na hawan gada da lodi.
Na ce, ka ɓata.
Ya ce, na gyara.

Laraba Fasasi ya iso, ido jajur, bai runtsa ba.
Bai tambaye ni komai ba.
Tsire ya saya mini na sule biyu
ya tsaya yana ƙare wa shagon kallo.
Ban faɗa ba. Wallahi ban faɗa ba.
Rezar ce na manta a kan tebur.

Bai tsaga tasa ba, girman kai ya hana.
Agege ya nufa, wurin mahauta,
ya ɗauko mai kalangu da kitse a riga
ya tsayar da shi gaban gangunan Bature.
Ya matsa wa jita har ta koyi habaici,
har mai sayar da lemo a ƙofar holo
ta gane da wa ake.

Cindo ya ji, daga bayan katanga,
hula a jaye har gira.
Wata biyu ba a ji ɗuriyarsa ba.
Da ya fito sai ya rage gudu:
waƙa guda, minti goma sha ɗaya,
ta cinye fuskar faifai sukutum,
kan jirgin ƙasan da ya kawo shi Ikko
da tsarabar da bai taɓa komawa da ita ba.
Fasasi ya saya, ya naɗe a jarida.
Ni na sa masa sabuwar allura.
Sau huɗu ya saurara, ƙofa a rufe.
Ya ce, "Shirme."
Ya goge ido da hannun riga.

Shekara tara ana haka.
Wannan ya hau, wancan ya ɗora tsani.
An ce hassada ga mai rabo taki ce;
ni na ga gonakin biyu,
kowa na zuba wa ɗan'uwansa da dare.

Zazzaɓin kwana uku ya ɗauke Cindo da damina.
Litinin ta zagayo, na buɗe shago don sabo,
sai ga Fasasi, a ranar da ba tasa ba.
Ya zauna daidai kan ƙusar.
Ya ajiye jita a kan tebur, ya ce, sayar.
Na ce, kai da fili ya zama naka kai kaɗai?
Ya ce, Malam Barau, wa zan ba amsa?

Yanzu idona ba ya ganin bakin waya,
dalma ta fi ƙarfin hannuna.
Jikoki na kunna mini su a salula,
suna musun wanda ya fi.
Lasifikar nan tana saman kanta,
tsaga uku, gizo ya ɗinke biyu.
In iskar teku ta shigo da yamma
takan yi ɗan gurnani,
ta saurara.