Mantau da Nomau

An manna takarda a bangon ofishin gona na Bibemi,
ran kasuwa, rana tsaka.
Ni da rubutun Faransa sai kallo,
sai na ɗauko Asabe, 'yar aji biyar,
na saɓa ta a wuya kamar ba a yaye ta ba.

"Bi da yatsa, kar ki tsallake kowa."
Tanimu ya fito. Jatau ya fito.
Barau mai cajin waya,
wanda rabonsa da fartanya tun yana da gashi,
buhu shida, da sefa dubu hamsin.

Ni Nomau,
da uwata ta haife ni tsakanin kunya da kunya,
da ƙwaryar iri a gefenta,
babu ni.

"Baba, ga Baffa Mantau."
Na ce sake duba.
Ta sake: buhu uku na taki, sefa dubu ashirin da biyar.

Damina biyu ke nan da muka kai shi bayan tsamiya.
Ni na yi masa wanka,
ni na biya bashin irin audugarsa,
ni ke nome gonarsa, yaransa huɗu na ci a akushina.
Gwamnati mai zumunci!
Ba ta manta Mantau ba.

Akawu yana fifita da katina.
Ya ce, "Nan an rubuta ka da harafi bakwai,
can da biyar.
Na'ura ba ta san ka ba.
Je ka Garwa a gyara, ka dawo bayan wata."

Bayan wata?
Masara ta kai gwiwa, ganyenta ya fara rawaya.
Taki bayan fure ai ihu ne bayan hari.
Kuɗin mota, kuɗin hoto, kuɗin hatimi,
na lissafa a kaina, akuya ta tafi har da igiya.

Sai ya rage murya, ya turo tawada:
"Na ɗan'uwanka fa? Dangwala nan.
Biyu naka, ɗaya nawa.
Mamaci ba ya kai ƙara."

Na dubi babban yatsana,
ƙota ta cinye zanensa tun tuni.
Na tuna marayu. Wallahi na tuna su.
Hannun ya tashi da kansa.
Sai na ji numfashin Asabe a bakin ƙofa,
ita da ta iya karanta duk abin da zan sa.
Na mayar da hannun aljihu.

Kwana tara ina jidar kashin shanu daga rugar Ardo Bakari,
kwando goma a bakin damin harawa,
sai kaka zan biya.
Masara ta ɗan farfaɗo, ba duka ba.

Jiya Asabe ta dawo daga makaranta ta biya ta ofis.
An ja jan layi a kan waɗanda suka karɓa.

Shi ya sa na zo, Mantau,
na tsuguna a kanka da magariba.
An ce ran Laraba ka shigo gari,
ka dangwala, ka ɗora buhu uku a babur.
Ban ce ka raba da ni ba.
Amma tun da ka zo har bakin kasuwa,
me ya hana ka leƙo yaranka?
Ƙaramin ya fara tafiya.