Wasiƙa Ga Maƙerin Akwatin Kiɗa

Kai da ka ƙera akwatin nan,
ban san sunanka ba, ban san garinku ba,
rubutun bayansa ma ya goge.
Ni ne Tasi'u na Andaza,
shagona na jikin injin niƙan Hambali,
sai ya kashe nake jin kaina.

Ɗan gwanjo na saye shi a Sabon Gari
da kuɗin riɗi buhu biyu da ɗan akuya.
Maɓallai goma sha shida a jere
kamar gurabun dara,
kowane gurbi da ƙwayar sautinsa.
Na gode, yana ciyar da ni.
Amma gyara zama, akwai magana.

In ƙwaya ta faɗa gurbin da ba nata ba,
don me sai na kashe ta, in sake shuka wata?
Mu nan dashe muka sani.
Gero in ya yi cunkoso ka ciro shi da saiwarsa,
ka kai shi inda giɓi yake,
bai ma san ya yi tafiya ba.
Bar ni in danne ta, in murɗa,
ta matsa gaba da ƙarfinta da tsawonta duka.

Allonka kuwa, kwalin ashana ya fi shi faɗi.
Sauti uku na kwance a gurbi guda,
ɗaya kake nuna mini,
sauran sai na bi ƙofa bakwai ina sallama.
Ko fitila ka kunna musu mana,
ja ga na sama, kore ga na ƙasa.

Talatuwa tela, in hannun riga ya karkace,
warwara take yi har inda kuskure ya soma.
Kai taku ɗaya ka ba ni na komawa baya.
Jajibirin bikin Saminu yatsana ya zame sau biyu,
aikin kwana uku ya bi ruwa,
na kwana ina tono shi daga ka,
batirin sola na kukan yunwa.

Duk wannan da sauƙi.
Ga abin da ya sa na ɗauki biro.

Kawu Ɗanlasan ya zo ranar Laraba
da kalangunsa a hammata.
Hannunsa ya soma rawa, shi ma ya sani.
Ya ce in zuba kiɗansa a akwati
kafin hannun ya ƙi shi gaba ɗaya.
Yana bugawa ina bi da yatsu,
akwatinka ya tattara bugun ya miƙe su sambal,
kowanne a bakin layi.

Ya saurara, ya daɗe bai ce komai ba.
Can ya ce, "Yaro, wannan fareti ne.
Ina ɗan jinkirin nan kafin na huɗu?
Shekara arba'in na yi ina koyon makara,
shi kuma ya gyara mini ita."

Sannan kalangu ba hawa matakala yake ba.
In an matse tsirkiya murya zamewa take yi,
ta ce zo, ta ce zauna, ta kira sunan kakanka.
Naka daga wannan gurbi sai tsalle zuwa wancan.

To ka sa mini mamurɗi guda,
in ja ƙwaya baya da kaurin silin gashi,
in lanƙwasa wutsiyarta ta gangara kan ta gaba.
Ka kuma bar mini maɓallin da zai ce maka:
nan ba kuskure ba ne, kar ka taɓa.

Kawu ya bar kalangun rataye a ƙusa,
ya ce in an gyara akwatin a aika masa.
Ban san inda zan kai takardar nan ba.
Ga Hambali can ya ja igiya.