Gadon da Ba a Raba Ba

Da Baba ya faɗi a layin teloli na Kasuwar Barci,
ya dunƙule, hannu a ƙahon zuci,
ciwon na ratsawa har gadon baya,
muka ce sammu ne.
Muka ce Ilu mai shayi.
Shekara sha tara ba mu gaishe shi ba.

Jiya Tanimu, a Barau Dikko,
dunƙulewar nan dai, aman nan dai.
Likita Saratu ta ɗaga kwalbar jininsa ga taga,
fari-fari, kamar an ɗiga masa kindirmo.
Ta ce kitse ne. Wata 'yar tsoka a bayan tumbi,
fankiriyas, ta soma cin kanta.
Na ce ai ba ya shan giya.
Ta ce ta sani. Ta ce wa da wa a gidanku?

Mun raba keken ɗinki, mun raba filin Rigasa,
wannan kuwa tun a ciki aka miƙa mana.
Litinin za a ɗebi nawa.

Na biya ta kasuwa.
Teburin Ilu na nan, jikansa ke zuba ruwan zafi.
Na sha kofi ɗaya, ba madara.
Na kasa tambayar ko yana raye.