Mutum Bakwai a Gadarif

Ruwan Agusta ya kwana a ɗakunanmu,
ya tafi da tabarmi, ya bar mana laka.
Hukuma ta ce: ku fid da mutum bakwai,
su zana unguwa, su nuna inda lambatu zai bi,
sannan mu turo motar haƙa.

Muka taru bayan la'asar gindin darbejiya,
baƙar ƙasa na riƙe takalma
kamar mai bin bashi.
Ni aka miƙa wa biro,
don kawai na taɓa aikin awo a kasuwar riɗi.

Sunan farko bai sha gardama ba:
Alhaji Mahajub, mai tarakta biyu.
Na biyu surukinsa.
Ana shirin kiran yaron shagonsa
sai Hajja Batul ta dire finjalin gahawa:
"Wa ya san ƙofofin nan cikin duhu?
Shekara talatin ina yankan cibi,
ba lungun da taɓonsa bai ci mini zani ba."
Na rubuta ta kafin maza su gama gyaran murya.

Nuraini mai amalanken ruwa na can baya,
igiyar jaki a hannu.
Wani ya ce ai bai iya karatu ba.
Shi ko ya karya tsinke, ya tsuguna,
ya ja layi daga masallaci zuwa injin niƙa,
ya karkata, ya tsaya cak:
"Nan ruwan ke juyowa. Jakina ma ya sani."

Kowa ya san katangar wa ce a nan.
Kowa ya sunkuyar da kai.
Tijjani ya miƙe yana kakkaɓe jallabiya,
shi da ya gina ta da kuɗin Jidda,
kowane bulo da guminsa.

"Sa su duka biyun," in ji Batul.
"Gara Tijjani ya yi faɗansa a kan tabarma
da ya yi mana shi ta bayan danga."

Shida ke nan, har da malamar firamare
da aka zaɓa a bayan idonta.
Na bakwai ya gagara:
'yan tudu na so, 'yan gangare na so,
har ladan ya raba mu.

Akuya ta bi ta kan taswirar Nuraini.
Na naɗe takarda, layi ɗaya ba kowa,
gabas kuma hadari na sake haɗuwa.