Alkyabba da Tsumma

A Mai Wurno, bayan tashar motocin Sinnar,
nan kekena yake, ƙarƙashin rumfar kara.
Shekara talatin ina ɗinka wa mutane
abin da suke so a ɗauka su ne.
Ni Sa'adu tela, ban zauna a aji ba,
amma kafaɗa da ƙugu ba sa ɓoye mini gaskiya.

Ran Talata Ustaz Nafi'u ya zo
da wani tsohon littafi, bango ya tafi, gara ta ci gefe.
Ya ce wasa ne na mutanen da,
yara za su yi shi daren rufe makaranta.
Akwai sarki mai dogon zance,
waziri mai zuma a baki, wuƙa a hammata,
gimbiya, boka, wawa,
sai bawa guda mai riƙon fitila daga baya.

Yadi goma sha biyu aka kawo, fari sol,
kyautar Alhaji Maikano mai sayen riɗi.
Ban tambayi wa zai yi sarki ba.
Da la'asar ɗansa Muntasir ya zo awo.
Bawa kuwa Tukur ne, ɗan mai fito,
laka har ƙwauri, ya tsaya bakin rumfa don kunya.

Daga turmi guda na yanka su duka.
Alkyabba kwana biyu ta ci.
Tsumma ya ci huɗu:
sabon yadi ba ya yarda ya tsufa.
Na jiƙa shi a shayi, na dirje shi a dutse,
na yaga, na lalace, na sa faci a kan faci.
Ashe talaucin ƙarya ya fi sarautar ƙarya wuya.

Magana ɗaya aka ba Tukur a wasan duka:
“Ranka ya daɗe, gari ya waye.”
Yamma arba'in yana tsaye da fitila,
wasu na faɗi suna maimaitawa,
shi kuwa shiru, kamar tsintsiya.

Daren ya zo. Mata sun jera gadajen igiya,
ƙanshin gahawa da citta ya cika filin.
Ina bayan labule, allura a bakina ko wani abu zai yage.
Sarki ya ɗaga hannu zai tsine wa waziri,
sai inji ya yi tari sau biyu, ya mutu.
Duhu. Ba haske sai na hannun bawa.
Muntasir ya buɗe baki, zance ya gudu.
Na ga Tukur ya matsa taku guda,
leɓensa da ƙyar ke motsi,
yana miƙa wa sarki kalma kalma
kamar mai ba jinjiri kunu,
har sarki ya faɗi ya mutu lafiya.

Guɗa ta tashi, an ɗaga Muntasir sama.
Ustaz ya ce jigon wasan shi ne mulki rigar aro ce.
Kowa ya gyaɗa kai.
Sannan ya sauko ya fara gaida Alhaji,
ragowar mu muka kama hanya.

Da hantsi Tukur ya zo, kayan a ninke.
Na ce, yaro, bai yi maka zafi ba?
Ya ce, “Baba Sa'adu, ka ƙirga mana.
Sarki ya mutu, waziri ya sha guba, gimbiya ta haukace.
Wa ke tsaye da aka ja labule?”
Ya roƙi tsumman, wai jirginsu na yoyo ta gindi,
ya saɓa shi ya gangara Nilu yana dariya.

Alkyabbar tana nan a ƙusa, wata na bakwai.
Ba mai shiga kasuwa da ita.
Na sa mata kuɗi sau uku, na rage,
har yau ba wanda ya taya.