Maɓalli Labule Ne

Ranar Laraba, la'asar sakaliya,
hadari ya haɗo ta gabas, baƙi kamar gindin tukunya.
Ina kishingiɗe, amfilifaya na ci,
lasifika biyu na gurnani a kusurwa,
kayan da na yi shekara uku ina zubin adashe a kansu.

Barira ta leƙo: "Malam Rabe, a kashe kayan nan."
Na miƙa ƙafa na danne maɓalli da babban yatsa.
Filogi na bango.
Eriya na kan rufi, ta miƙa wuya kamar zalɓe.

Sai haske.
Kafin rugugin ya iso na ji ɗas a bayan akwatin,
'yar ƙara, kamar an kashe kwarkwata.
Sannan aradu ta faɗi, kwano ya amsa,
ɗaki ya cika da ƙaurin roba.

Da safe na ɗaure shi a bayan babur da tsohon zane,
ina kauce wa ramuka kamar na ɗauko majinyaci,
har shagon Mannir a Ƙofar Marusa, gefen masu faci.
Ya kwance murfi, ya shinshina, ya yi shiru.
Da bakin sukundireba ya nuna mini baƙar hanya
a kan koren allo, inda wuta ta bi.

"Ba kanka ta faɗo ba, da ba kai za ka zo ba.
Can ta sauka wajen tiransifoma, ta biyo waya
gida-gida, tana taɓa ƙofofi, ta ga taka ba sakata.
Maɓalli labule ne, Rabe.
Ƙofar ita ce filogi."

Na ce ai ina da sitabilaiza.
Ya yi dariya har dalma ta ɗiga masa a wando.
"Wannan na wutar Nepa ce, mai tafiya ba sallama,
ta dawo da ƙarfi kamar mai bin bashi.
Ita ma in ta dawo, bar ta ta zauna tukuna,
ka sha ruwa, sannan ka kunna.
Amma tsawa?
Wa ke ɗaure raƙumi da zaren ɗinki?"

Ya ce in haƙa rami a bayan ɗaki, inda ke da laima,
in kafa turken jan ƙarfe, in zuba gawayi da gishiri,
baƙuwar da ta shigo ta sami hanyar fita.
Fis in ya ƙone, in sayi fis ɗan'uwansa,
kar in naɗa masa waya in ce na yi dabara.
Dubu goma sha takwas, ban da rangwame.
Na biya. Ban yi ciniki ba.

Abin da ban gaya masa ba:
akwai kaset a ciki ranar nan.
Muryar Inna ce, shekara biyu kafin ta rasu,
tana lissafa jikoki, tana ɓata a kan na tara,
tana faɗa da akuyar da ta shiga rumbu.
Na zaro shi hannuna na rawa, na juya da biro.
Ya tsira.
Daren nan ban iya cin tuwo ba.

Yanzu Hurera ce mai gadin sama.
Shekararta bakwai, haƙoranta biyu sun fita,
da iska ta juya ganyen darbejiya
sai ta rugo: "Baba, gabas ta ɓaci!"
Tun kafin walƙiyar fari nake cirewa,
tana tsaye tana ƙirga mini:
filogi, eriya, wayar tauraron ɗan'adam.
In na manta ɗaya ta kai ƙara wurin uwarta.

Sai ɗakin ya yi tsit.
Mu zauna bakin ƙofa mu uku,
indararo na zuba a tsohon daro.
Ashe shi ma yana da murya.
Shekara uku ina ƙure lasifika,
ban taɓa jin sa ba.